Yaya, kafin ku ce sai likitanci

Salam Yaya, ina fatan kowa lafiya, ya su Hajiya ya jikin nata. Na ga saƙonka tun shekaranjiya kan maganar Abba, na ƙi amsawa da voice ne saboda na san ka, za ka saurari rabi ka ce ka gane, gara in rubuta ku karanta kai da shi da mamansa.

Ka ce yaro ya gama sakandare, kuna so ya zo Turkiyya ya yi likitanci, in bincika. To na bincika, amma kafin nan bari in faɗa maka wani abu da ya daɗe yana cina. Tun 2019 da na zo Bursa duk wanda ya kira ni daga gida kan karatu abu ɗaya yake tambaya, likitanci, in bai samu ba harhaɗa magunguna, in bai samu ba nas, shi kenan kamar duk jami'o'in ƙasar nan asibiti ne. Wallahi ko mutum ɗaya bai taɓa ce min wane kwas kuke da shi da babu irinsa a wajenmu ba.

Likitancin dai akwai shi, shekara 6 ne kamar gida, haƙori da harhaɗa magunguna shekara 5, yawancin sauran digiri 4. Amma a jami'ar gwamnati gurbin baƙi kaɗan ne kuma ana kokawa a kansa da 'yan Siriya da Azabaijan da Iran da Turkumenistan, wasunsu a nan suka yi sakandare Turkanci kamar ruwa. A jami'ar kuɗi kuwa ƙofa a buɗe take, da Turanci ma, sai dai wasu sun haura dala dubu 20 a shekara, ka lissafa sau 6 da canjin yau, ban sa haya da abinci ba. Kuma ya gama ya dawo sai ya zauna jarabawar MDCN, hukumar likitoci ta Najeriya, kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya, kuma ba kowa ke cin ta a zama ɗaya ba. Ban ce kada ya yi ba fa, in har shi yaron ne ke so kuma sakamakonsa ya kai. Sikolashif ɗin gwamnatinsu, Türkiye Bursları, maki 90 cikin 100 suke nema a fannin lafiya, sauran kwasa-kwasai 70. Ka ga tazarar.

Yanzu ka ji abin da ake karantawa a nan da mu ba ma ko waiwaya. A Jami'ar Ege da ke Izmir akwai sashe guda na injiniyancin fata, digiri cikakke shekara 4 kan jima, rini, yadda za a tace ruwan majema, har zuwa takalmi da jaka. Mu da fatar akuyarmu ta Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake, ga majemu a Sharaɗa da Challawa, amma ka ce wa mutum ɗansa ya je ya karanta fata sai ya ga kamar zaginsa ka yi. A Ankara akwai sashen sarrafa madara, nono da cuku da man shanu abin da suke yi kenan tun daga aji ɗaya, shi ya sa ayran ɗinsu, wato farau-farau ɗin nono da gishiri, kowane kanti ka shiga yana firji a rufe cikin roba ɗanɗano iri ɗaya. A tsangayar noma akwai masu karanta ban ruwa zalla, yadda za a ja ruwa daga dam zuwa gona ba tare da rabi ya tafi a hanya ba, in na gan su sai in tuna Kadawa da Tiga. Akwai ƙera jirgin ruwa a ITU, jami'ar fasaha ta Istanbul, Santambul ɗin da Kaka ke faɗa, akwai gyaran jirgin sama da tuƙinsa a Eskishehir, akwai mekatironik, wato haɗin injiniyancin inji da lantarki da kwamfuta, har girki digiri ne, gastronomi suke ce masa, kuma yara na rububinsa don otal-otal ɗin Antaliya na ɗaukarsu. Sannan ga na shekara 2 irin difloma ɗinmu, gyaran na'urorin asibiti, firji da esi, walda, wanda yaro zai fito da sana'a a hannu.

Ni ka san saƙa na karanta, kuma na san dariyar da aka yi a gida lokacin, har Kawu ya ce Baba ya gama wahala a Kakuri masaƙa ta mutu ta bar shi ba giratuti, ni kuma na tsallaka teku in karanta gawa. Ba laifinsa ba ne, wanda ya ga yadda masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007 da yadda unguwar ta koma dole ya faɗi haka. Kuma a gida ma akwai kwas ɗin, ABU na da shi tuntuni, malamai masu ilimi ma kuwa. Bambancin da na gani shi ne a nan masaƙar tana raye a bayan makaranta. Bursa garin siliki ne tun zamanin Usmaniyya, kasuwar Koza Han da aka gina a 1491 har yau mayafan siliki ake sayarwa a ciki, ga unguwar masana'antu ta Demirtash cike da masaƙu, ga kamfanin Renault da Tofash masu ƙera mota su ma suna buƙatar yadin kujera. Staj, wato IT ɗinsu, dole ne, ba ka gama digiri sai ka yi, kuma ba irin wanda za ka je a sa maka hannu a littafi ka dawo gida ba. Ni sati na farko ogan sashe, usta suke kiransa, toshe kunne ya miƙo min ya tsayar da ni gaban injin saƙa mai harba zare da iska, ya ce in zare ya tsinke in nemo shi in ƙulla, na fi minti goma ina lalube cikin zare dubbai fitila na ta walƙiya a kaina, shi yana tsaye da ɗan kofin shayinsa bai ce uffan ba, da na ƙulla ya duba ya kwance ya sake ƙullawa da hannu ɗaya ya wuce.

Ka tuna ƙyallayen da na ɗebo a shagonka na Kwari da na zo hutu, kana ta tambaya me zan yi da su? Lab na kai su. Akwai wata 'yar na'ura da ke goga farin ƙyalle a jikin yadi sau goma, a bushe sannan a jiƙe, sai a gwada da ma'auni daga 1 zuwa 5 a ga yawan launin da ya zuba. Atamfar nan mai tsada da kake rantsuwa da ita ta tsaya da ƙafarta, amma shuɗiyar nan mai araha da ta fi tafiya lokacin sallah, farin ƙyallen sai da ya koma kamar an tsoma shi a karofin Ƙofar Mata. Hoja ɗinmu, haka ake kiran malami a nan, ta ɗaga shi sama ta nuna wa 'yan aji tana tambaya daga ina, na ce daga shagon yayana amma ba shi ya saƙa ba. Kullum sai in ce da Abba zai san irin wannan ya zauna a shagon nan, ko ya je Chana sayo kaya da kansa, wa zai cuce ku?

Sai maganar yare, nan ne ake yaudarar mutane. Yawancin kwasa-kwasan jami'ar gwamnati da Turkanci ne. Wasu ana rubuta kashi 30 Turanci, kada wannan ya ruɗe ku, sauran 70 ɗin fa. Masu Turanci zalla irin jami'ar ODTU ta Ankara da Boazici ta Istanbul shigarsu sai wanda ya isa. Don haka shekara guda ce cur a TÖMER, cibiyar koyar da Turkanci, kana koyon yare har matakin C1, kuma ko ka samu takardar ranar farko a aji za ka san ba ka iya ba. Ni lakca ta farko malami na ta cewa atki atki, ni kuma a TÖMER an koya min atki shi ne mayafin da ake naɗawa a wuya lokacin sanyi, na cika shafi da maganar mayafi, ashe zaren kwance yake nufi a saƙa. Semesta ta farko kwas biyu na faɗi, ban taɓa faɗa muku ba sai yau.

Amma abin da ya cece ni, kuma shi ne abin da na fi yaba musu, akwai bütünleme, wato in ka faɗi fainal bayan sati biyu ko makamancin haka ka sake zama, ba sai ka ja kari-oba shekara guda ba. Jarabawar tsakiya vize sunanta, a yawancin kwasa-kwasanmu ita ce kashi 40, fainal 60, sakamako yana fitowa a wayarka cikin kwanaki, babu zuwa allo babu maganar an ɓatar da takardarka. Rajistar kwas ma a waya kake yi kana kwance. Sai dai suna da tsanani kan zuwa aji, ka yi fashi ya wuce ƙa'ida ko kai ne gwanin ajin ba za ka shiga jarabawa ba. Kalandar ma tana tafiya, a 2022 da ASUU ta yi wata 8 ana yajin aiki abokaina na gida suna zaune ni na ci semesta guda har da staj. Mu ma an taɓa mu, korona ta mayar da mu onlayin, girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ma haka, har aka kwashe ɗalibai daga hostal ɗin gwamnati aka sa waɗanda gidajensu suka rushe, amma shekara ba ta ƙaru ba.

Rayuwa kam ta yi tsada kada wani ya gaya maka tsohon labari. Da na zo dala ɗaya ba ta kai lira 6 ba, farkon 2024 ta wuce 30, haya ta haukace. Abin da ke rufa wa ɗalibi asiri shi ne abincin makaranta, miya da shinkafa ko bulgur, wato ɓarzajjiyar alkama, da ɗan nama da kayan zaƙi a farashin da bai kai na shayi biyu a waje ba, da katin mota na ɗalibai. Yaji ne babu, abincinsu salam yake.

Lauya kuma kada ma ya fara, dokarsu daga ta ƙasashen Turai irin su Suwizalan aka ɗauko ta, tamu ta Ingila ce, zai sha wahala a banza. Ilahiyat, karatun addini, akwai shi sosai amma ku sani yawancinsu Hanafawa ne, wanda ke son Malikiyya da Larabci mai zurfi Azhar ko Madina sun fi masa.

Ejan ɗin nan da ka ce ya nemi miliyan biyu don ya samo sikolashif, don Allah kada ka ba shi ko sisi. Fom ɗin kyauta ne, ana buɗewa wajen 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, yaro kada ya kai shekara 21, kuma yana da damar zaɓar kwas har 12, in ya samu su ke biyan kuɗin makaranta da hostal da inshorar lafiya da tikitin zuwa da alawus duk wata. Ni ma wani ya ci kuɗina kafin in gane haka. Wasunsu kuma za su ce maka Turkiyya alhali makarantar tana Arewacin Saifurus, tsibiri ne daban, Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce, kuma can rayuwa ta fi nan cin kuɗi. In ba sikolashif ba akwai jarabawar YÖS ta shiga jami'a da baƙi ke zama, lissafi ne da gwajin basira, Abba in har yanzu yana da kan lissafin da na sani zai iya.

Ka ce masa ya kira ni da kansa ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, ba kai a gefe ba, ina so in ji daga bakinsa ko likitancin nasa ne ko naku. Ya turo min hoton sakamakon WAEC, kuma a fara masa fasfo yanzu don kada Janairu ta zo ana guje-guje. In Alhaji na Fagge zai shigo sayen kaya wata mai zuwa a ba shi yajin ƙuli da kuka da daddawa, a naɗe daddawar sosai, wancan karon sai da jakarsa ta yi sati tana wari yana ta min mita. A gaida Hajiya.