Birkina ya daina maƙalewa, makanikin nan ya san aikinsa

Jama'ar Garua duk mai fama da birki yana maƙalewa, akwai wani makaniki ta hanyar Marua, wallahi ya iya. Motata ɗaya daga cikin tayoyin gaba zafi take kamar wuta, motar tana ja gefe, wani wurin sun ce in canza kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a jikin taya, gabaɗaya. Shi ko da ya ɗaga motar ya taka birki ya saki, tayar ta ƙi juyawa, sai ya kwance ɗan noti na fitar da man birki, nan take ta saku. Yace Alhaji tiyon roba na man birki ne ya kumbura ta ciki, mai na shiga baya komawa. Ya canza tiyon guda biyu, ya cire iska, kuɗin ma da sauƙi. Sai dai akwai layi, a je da sassafe.