Digiri na biyu ko na uku a nazarin halittu da kwamfuta?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce ya kammala digirin farko a ilimin halittu, yana son shiga fannin nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta, amma ya rasa wanda zai nufa tsakanin digiri na biyu da na uku. Ɗan'uwa, a ganina amsar tana ga irin aikin da kake son wuni kana yi.

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya a Ingila, biyu a wurare da dama, kuma sau da yawa ɗalibi ne ke neman kuɗin karatunsa. Abin da yake koyarwa shi ne sarrafa kayan aiki: harsunan rubuta manhaja na Python da R, tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, da ƙididdiga. Za a miƙa maka fayil mai miliyoyin layuka, cike da haruffa huɗu, A, C, G da T, waɗanda ake rubuta bayanin ƙwayoyin halitta da su, a ce ka tace gurɓatattun sassa, ka jera sauran a kan taswirar ƙwayoyin halittar ɗan'adam, wadda aka kammala aikinta a 2003 mai haruffa kusan biliyan 3, sannan ka nuna inda na mara lafiya ya saɓa da na mai lafiya. Wanda ya iya wannan da kyau ana nemansa a asibitoci, ɗakunan gwaje-gwaje da kamfanonin harhaɗa magunguna, sai dai galibi wani ne zai kawo tambayar, shi kuma ya nemo amsarta.

A digiri na uku kai ne mai ƙirƙiro tambayar. A Amurka yakan ci shekara biyar zuwa shida, a Turai uku zuwa huɗu, kuma a manyan cibiyoyi irin su EMBL, cibiyar binciken halittu ta Turai, ana biyan ɗalibi alawus. Shekaru ne na haƙuri, domin mutum kan shafe watanni yana gina wata hanyar lissafi, daga baya ya gano ba ta ba da sakamako. Amma jagorancin ƙungiyar bincike, ko a jami'a ko a kamfani, da wuya a damƙa shi ga wanda bai bi ta nan ba. John Jumper, wanda ya jagoranci aikin AlphaFold mai hasashen siffar furotin har ya samu kyautar Nobel a 2024 tare da Demis Hassabis da David Baker, da digirinsa na uku daga Jami'ar Chicago ya shiga kamfanin DeepMind, wanda ya ƙirƙiro AlphaFold.

Tunda daga ilimin halittu ka fito, ina ba ka shawara da gaske ka fara da na biyu idan hannunka bai faɗa da rubuta manhaja ba, domin raunin lissafi shi ne ke wahalar da irinku a shekarar farko ta bincike. Idan kuwa ka riga ka iya, kuma akwai wata tambaya da ta hana ka sakat, nemi na uku, amma kafin ka duba sunan jami'a ka binciki malamin da zai duba aikinka, ka tuntuɓi ɗaliban da suka gama a hannunsa ka ji inda suke aiki yanzu.