Na'urar naɗar shirye-shirye ta kanka ko akwatin kamfanin kebul: abin da na gani a duka biyun

Duk wanda ya ja kebul na talabijin a Amurka, kafin a gama rubuta adireshinsa za a tambaye shi ko yana son akwati mai naɗar shirye-shirye. Yawanci sai a ce a kawo, kuɗin haya ya shige cikin takardar biyan wata-wata, daga nan ba mai sake waiwayarsa. Ni ma da akwatin kamfani na fara, na daɗe da shi, daga baya na sayi tawa na'urar naɗar shirye-shirye ta kaina, ƙirar kamfanin TiVo. Hukuncina tun daga farko shi ne, wajen daɗin amfani, na'urar kai ta fi nesa ba kusa ba. Amma ba zan ce wa kowa ya ruga ya saya a yau ba, don akwai igiyar da ke ɗaure da ƙafarta, kuma bakin igiyar yana hannun kamfanin kebul.

Abin da ya fara kai ni ga canji shi ne kuɗi. A 2015 wasu sanatoci biyu, Ed Markey da Richard Blumenthal, sun tambayi manyan kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam, suka fitar da cewa gida ɗaya yana kashe kusan dala 231 a shekara a hayar akwatuna kaɗai, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na masu biya haya suke yi. Haya ba ta da ranar ƙarewa. Idan ana karɓar dala 15 a wata, alal misali, a shekara uku ka ba da 540, akwatin kuma har gobe nasu ne. Sai dai kada a ɗauka na'urar kai kyauta ce da zarar an saya. Lokacin da na sayi tawa, TiVo tana da nata kuɗin hidima na jadawalin shirye-shirye, ko dai wata-wata, ko shekara-shekara, ko a biya gaba ɗaya na tsawon rayuwar na'urar. Wannan na ƙarshen na zaɓa. Ya yi nauyi a ranar biya, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin ya fanshi kansa. Wanda ke yawan ƙaura, ko bai tabbatar zai daɗe da kebul ba, lissafin ba zai fitar da shi ba.

Amma da na zauna da ita, sai maganar kuɗin ta koma baya. Abin da ya kama ni shi ne yadda take bin shiri. Ka ce mata kana son wasan kwaikwayo kaza mai dogon zango, sababbin kashi kawai, ta ajiye biyar na baya-bayan nan ta share sauran, shi ke nan ka gama magana. Ko tashar ta matsar da shirin zuwa wani dare, za ta bi shi can. Idan shirye-shirye suka yi karo, ni ne na jera mata wanda zai sha gaba. Akwatin da nake haya yana da'awar yin duk wannan, amma ya sha naɗo mini maimaici har ajiyar ta cika, ya bar sabon kashin da nake jira. Kuma rimot ɗinsa sai ka danna ka saurara kafin allo ya motsa. Wanda bai taɓa riƙe na'ura mai amsawa nan take ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Abu ne da hannunka ke yi kowane dare, kuma ƙaramin jinkirin nan shi ke sa mutum ya daina neman sabon shiri ya zauna a kan tashar da ya tarar.

Ga masu kallon ƙwallo akwai abu guda da ya kamata su duba a kowace na'ura: ƙara lokaci a ƙarshen naɗi. Jadawali ba ya sanin cewa wasa zai shiga ƙarin lokaci ko bugun fanareti. Tawa tana tambaya da kanta idan ta ga shiri na kai tsaye ne, in ƙara mata awa guda, hankalina ya kwanta. Game da talla kuwa, tun daga samfurin Bolt na 2015 TiVo ta kawo maɓallin da ke tsallake tallace-tallace gaba ɗaya da danni guda. Ba a kowane shiri yake aiki ba, sai fitattun shirye-shirye na manyan tashoshi, amma inda yake aiki, shirin awa guda yana komawa minti arba'in da 'yan kai.

Sai lambobi biyu da mai saye ya kamata ya tambaya. Na farko, tasha nawa na'urar ke iya kamawa a lokaci guda. Tawa shida take kamawa, don haka a gidan da kowa ke da nasa shirin ba a rigima. Na biyu, girman ajiya. Shiri mai hoto tangaran yakan ci wajen gigabait shida zuwa takwas a awa, shi ya sa terabait ɗaya ke ɗaukar kimanin awa 150. Kuma ajiyar nan a ɗakina take. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, saboda lokacin da akwatin haya ya lalace, ma'aikaci ya zo ya sauya shi cikin ladabi da sauri, ya tafi da tsohon, tare da duk abin da na tara a cikinsa, har da wani shirin tarihi da ba a sake nunawa ba. Bai yi laifi ba, haka tsarin yake. Na dai gane a ranar cewa abin da na naɗa aro ne aka ba ni.

Igiyar da na ambata ita ce wani ɗan kati da ake kira CableCARD. Tashoshin kebul a kulle suke zuwa, kuma na'urar da ka saya a kasuwa ba ta iya buɗe su sai da wannan katin, wanda kamfanin kebul ɗinka ne kaɗai ke bayarwa. Asalinsa dokar sadarwa ta 1996, wadda ta umarci hukumar sadarwa ta FCC ta buɗe hanya mutane su riƙa sayen akwatunansu a kasuwa kamar yadda suke sayen wayar tarho. Daga Yulin 2007 har aka tilasta wa kamfanonin su sa irin katin a sababbin akwatunansu, don su ma su ɗanɗana abin da abokan cinikinsu ke sha. Wata doka ta 2014 ta janye wannan tilascin. A 2016 hukumar ta yi yunƙurin fito da sabon tsari da zai maye gurbin katin, aka yi ta ja-in-ja, bai kai ko'ina ba. A Satumbar 2020 kuma ta soke ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanoni tallafa wa katin. Tun daga nan, ba da shi ya zama ganin dama.

A aikace ga yadda abin yake. Dole a haɗa lambar katin da lambar na'urarka a kwamfutar kamfani, kuma na sha wuya kafin in sami ma'aikacin da ya san yadda ake yi. Wasu da na yi magana da su ta waya ba su taɓa jin sunan katin ba, wani kuma shawararsa kawai in karɓi akwatinsu in huta. A wasu yankuna ma sai an ƙara wani ƙaramin akwati a gefe kafin wasu tashoshi su fito, shi ma yakan sandare a cire shi daga wuta a mayar. Finafinan da kamfani ke bayarwa a kalla a duk lokacin da aka so, galibi ba sa zuwa ta katin. Wasu tashoshi suna ɗauke da alamar hana kwafi, ta yadda za ka naɗa ka kalla amma ba za ka kwashe zuwa kwamfuta ba. Mafi girma kuma, kamfanoni suna ta mayar da tashoshinsu kan intanet, kuma tashar da ta koma can katin ba ya ganinta. Ina son na'urata, shi ya sa abin ke damuna: lafiyarta ƙalau, amma wata rana wasiƙa guda daga kamfani za ta iya mayar da ita kayan ado.

Akwatin kamfani yana da nasa alheri, kuma ban raina shi ba. Idan ya mutu, nauyinsu ne. Idan hoto ya ɗauke, waya ɗaya za ka buga, ba mai ce maka matsalar daga na'urarka take. Ga dattijo, ko gidan da ba mai son zama yana kokawa da saiti, wannan kaɗai ya isa dalili. Yawancin kamfanonin yanzu ma a kwamfutocinsu suke ajiye abin da ka naɗa, hanyar da hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2008 a shari'ar kamfanin kebul na Cablevision ya share wa fage, don haka sauya akwati ba ya cinye maka komai, kuma kana iya kallo a waya. Sai dai a karanta sharuɗɗa: akwai iyakar awanni, sau da yawa akwai wa'adin da naɗin ke gogewa da kansa, kuma ranar da ka bar kamfanin komai ya tafi.

Inda ba na jinkirin ba da shawara shi ne ga mai eriya. Tashoshin da ke zuwa ta iska, irin su ABC da CBS da NBC da Fox da PBS, ba sa buƙatar kati, kuma ba kamfanin kebul a tsakani. A nan na'urar kai ce zaɓi, in dai an tabbatar samfurin na eriya ne, don wasu na kebul kawai suke kamawa.

Mai kebul kuwa, kafin ya kashe ko sisi, ya kira kamfaninsa ya yi tambaya uku: har yanzu suna ba sababbin masu nema katin? Nawa ne kuɗinsa a wata? Waɗanne tashoshi ne cikin kunshinsa ba sa fitowa ta katin? Ya nemi amsar a rubuce. Idan suka yi ta kame-kame, ya karɓi akwatinsu, ya nemi a rage masa kuɗin haya, don sukan rage wa wanda ya tambaya. Ni dai zan ci gaba da tawa muddin katin na aiki, amma da yau ne zan fara, ba zan biya kuɗin hidima na tsawon rayuwar na'ura ba sai na ga waccan amsar a takarda.