Na kwana a tsohon sito a bakin kogin Tyne, ga abin da na gani

Jama'ar Jidda da kuka dame ni da tambaya tun da na dawo, to ga bayanin otal ɗin da muka sauka a Newcastle ta Ingila. Muhandis ɗin da nake aiki ƙarƙashinsa ne ya tafi da ni kallon wasa, kun san tunda Saudiyya ta sayi kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Newcastle United a 2021 mutanen Saudiyya suka koma 'yan Newcastle gaba ɗaya. Sunan otal ɗin Malmaison, yana unguwar Quayside, kogi na gabanka kana leƙowa ta taga.

Wallahi ni ba gadon ne ya fara ɗaukar hankalina ba, ginin ne. Shekara goma sha huɗu ina ɗaurin rodi a nan Jidda, idona ya saba, tun daga waje na tsaya ina kallon filolin ina lissafin tazarar da ke tsakaninsu har muhandis ya ce Malam taho mu karɓi makulli. Ashe asalinsa sito ne na ƙungiyar 'yan kasuwa ta Co-operative Wholesale Society, an gina shi tsakanin 1899 da 1900 da kankare mai rodi a ciki, irin tsarin wani Bafaranshe Hennebique wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1892, lokacin da yawancin magina bulo da dutse da katako kawai suka yarda da su. Yana cikin gine-ginen kankare mafi tsufa da suka rage a Ingila, sai a shekarun 1990 aka mai da shi otal.

Ku da kuke aikin gini kun san yadda iskar gishiri take cin rodi a Jidda, gida bai kai shekara arba'in ba sai ka ga kankare ya tsage rodi ya yi ja ya kumbura yana turo filasta waje, to wannan ya haura shekara 120 a bakin ruwa yana tsaye, na sa tafin hannuna a jikin bango sanyi ƙalau babu wani ɓurɓushi da ya biyo ni.

Ɗakin yana da faɗi, ruwan zafi na zuwa nan take, ma'aikata kuma da fara'a. Da asuba na shimfiɗa darduma kusa da taga, bayan na idar na daɗe zaune ina kallon gadar Millennium, wadda take karkata sama in jirgin ruwa zai wuce, can tsallake kuma ga Baltic, tsohon kamfanin fulawa da shi ma ba su rushe ba suka mai da shi gidan nuna zane-zane. Ka taho da butarka da rigar sanyi mai kauri, iskar kogin nan tana shiga har ƙashi. Filin wasan kulob ɗin, St James' Park, da ƙafa muka je, hawa ne amma ba nisa.

Ranar da zan bar otal ɗin, unguwar Hindawiyya ta Jidda ce ta faɗo min a rai, layin da na yi shekarun farko a Saudiyya an rushe shi, yanzu fili ne fetal. Shi ya sa nake jin daɗin gyaran da ake wa tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, masu rawashin, wato tagogin katako masu ado, har wasu sun zama masauki. Baba Alhaji da kake shirin kai yaro karatu Ingila, in Newcastle ce ku sauka nan ko kwana ɗaya ne, ku nemi ɗakin da ke kallon kogi.