Kafin ki haɗa shafin gidan gyaran jikinki da manhajar kama lokaci

Wata Asabar da hantsi na leƙa wani gidan gyaran jiki a Kano don duba shafin intanet da na gina musu. Na tarar da mata biyu a falon jira, kowacce da hujjarta a waya. Ɗaya ta kama ƙarfe goma sha ɗaya ta shafin, saƙon tabbatarwa ma ya shigo mata tun daren jiya. Ɗayar amarya ce, yayarta ta yi magana da Hajiya mai wurin ta WhatsApp tun ranar Laraba, aka rubuta sunanta da biro a littafin da ke kan tebur. Ɗakin dilka ɗaya ne, mai yin aikin ma ɗaya ce. Hajiya na tsaye tana ta ba da haƙuri, turaren tsuguno na ci a kasko babu wanda ya zauna a kansa. A ƙarshe wadda ta biyo ta shafin ta ɗauki jakarta ta tafi, kuma ba ta sake dawowa ba.

Manhajar ba ta yi kuskure ba. Mu ne muka bar kalanda biyu suna tafiya, ɗaya a kwamfuta ɗaya a takarda, babu wadda ta san labarin 'yar'uwarta. Tun ranar, duk wadda ta tambaye ni wace manhaja za ta saya, sai in fara da tambaya biyu: a ina ranakunki za su zauna wuri ɗaya, kuma ta wace hanya kafin alƙalami zai shigo asusunki? Amsar waɗannan ita ke tsame miki zaɓi, ko gidan gyaran amare kike da shi, ko wurin tausa, ko gidan motsa jiki.

Hanya mafi sauƙi ta haɗa shafi da manhaja ita ce maɓalli. Ki sa "Kama lokaci" a saman shafinki, duk wadda ta taɓa sai ya kai ta shafin da kamfanin manhajar ya tanadar miki. Masu gina shafi kan raina wannan don ba ya nuna gwaninta, ni kuwa shi nake fara ba mutane shawara. Yana buɗewa da sauri a waya, babu abin da zai lalace in an sabunta shafinki, sannan mahaɗar nan guda, wato link ɗin, ita za ki liƙa a Instagram da WhatsApp, inda mafi yawan masu zuwa wurinki suke ganinki tun farko. Aibinsa kawai shi ne abokiyar ciniki ta bar gidanki ta shiga na wasu, ta ga launinsu da sunansu.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe wa manhajar taga a cikin shafinki. Kamfanin zai ba ki wasu 'yan layukan rubutun kwamfuta, mai gina shafi ya liƙa, sai kalandar ta bayyana kamar taki ce. A babban allo abin na da kyan gani. A ƙaramar waya kuwa, musamman in sabis ya yi rauni, nan ake gane bambanci: shafinki ya gama buɗewa amma tagar na ta juyawa, ko kuma mutum ya ja allo ƙasa sai cikin tagar ya motsa maimakon shafin, maɓallin tabbatarwa ya ɓuya. Ba na hana amfani da ita, amma kada ki karɓi aikin sai kin gwada da wayar 'yar aikinki da datar titi, ba da intanet ɗin ofis ba.

Ta uku, idan da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina shafinki, ita ce a dasa manhajar a cikinsa gaba ɗaya, irin su Amelia ko Bookly. Zan dawo kanta domin a nan maganar kuɗi ta fi daɗi. Akwai kuma ta huɗu, a ɗauki mai rubuta manhaja ya haɗa shafin da kalandar ta ƙofar da ake kira API, komai ya zama ɗinkin jikinki. Wannan na masu rassa da yawa ne da ma'aikacin kwamfuta na dindindin. Mai shago ɗaya ba ta buƙatarsa.

Sai su manhajojin kansu. Calendly ce aka fi ji, kuma muna da dalilin alfahari da ita, domin Tope Awotona, haifaffen Legas, shi ya kafa ta a Atlanta ta Amurka a 2013. Tsarinta na kyauta yana ba ki nau'in ganawa ɗaya, kuma tana karanta Google Calendar don kada ta ba da lokacin da kika riga kika cike. In ke kaɗai ce, misali mai ba da shawara kan abinci ko mai koyar da motsa jiki ta bidiyo, ta ishe ki. Amma don ganawa aka ƙera ta, ba don shago mai lalle da halawa da dilka da wankin kai, kowanne da tsawon lokacinsa da farashinsa ba. Shi ma Google Calendar yana da nasa shafin kama lokaci, kuma hukuncinsu ɗaya. Setmore ta ɗan fi kusa da shago, tsarinta na kyauta na ɗaukar ma'aikata har huɗu, don haka wuri ne mai kyau na fara koyo ba tare da asara ba.

Fresha, wadda a da ake kira Shedul, kamfanin Landan ne da aka gina musamman don wuraren gyaran gashi da gyaran jiki. Ta san cewa ɗaki ma abu ne da ake kamawa, ba ma'aikaciya kaɗai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kina iya samun masu tausa uku amma gado biyu; manhajar da ke ƙirga mutane kawai za ta karɓi baƙi uku a sa'a ɗaya. Abin lura da ita shi ne tana da kasuwarta inda take jera shagunan da ke amfani da ita, kuma tana yankar kaso daga kuɗin sabuwar abokiyar cinikin da ta same ki ta wannan kasuwa. Don haka ki tabbata mahaɗar da ke shafinki taki ce ta kai tsaye. Acuity Scheduling, wadda kamfanin gina shafi na Squarespace ya saya a 2019, ta ƙware wajen fom ɗin tambayoyi kafin zuwa da kuma sayar da zama da yawa a dunƙule, abin da ya dace da gyaran amarya na kwana biyar ko bakwai. Mindbody kuwa, ta Kalifoniya, babbar mota ce ta gidajen motsa jiki masu azuzuwa da rajistar wata-wata. Tana da ƙarfi, tana da tsada, kuma rabin abin da za ki biya dominsa ba za ki taɓa shi ba in wurinki ƙarami ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dalilin da ya sa yawancin masu sana'a ke son manhaja ba kalanda ba ce kawai, so suke a daina kama musu rana a ƙi zuwa. Maganin wannan kafin alƙalami ne. Su kuwa waɗannan manhajoji na waje akasari ta Stripe ko PayPal ko Square suke karɓar kuɗi. Square ba ya aiki a Najeriya. Stripe kuma ta hannun Paystack yake shigowa, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, Stripe ya saye shi a 2020. Sai dai ganin sunan Stripe a jerin abin da manhaja ke karɓa ba ya nufin asusunki na Paystack zai shiga. Abubuwa biyu ne daban, kuma mutane da yawa sai sun biya kuɗin shekara suke gano haka. Tambayar da za ki yi wa mai sayarwa a fili take: abokiyar cinikina za ta iya biya da naira, ta taransifa, kuɗin ya sauka a bankina na gida?

A nan ne WordPress ke yin zarra. Amelia da Bookly duk suna iya miƙa biyan kuɗi ga WooCommerce, manhajar ciniki da ake dasawa a WordPress, shi kuma WooCommerce yana da mahaɗin Paystack da na takwaransa Flutterwave. Da wannan sarƙar, mace za ta zaɓi dilka ranar Talata ƙarfe huɗu, ta biya da kati ko taransifa ko lambar USSD, lokacin ya rufe da kansa a daidai sa'ar da kuɗin ya shiga. Farashin da Paystack ya daɗe a kai na cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe naira 100 ɗin a ƙasa da naira 2,500, kuma duk yawan kuɗin ba a wuce naira 2,000. Wato kafin alƙalami na naira 20,000 zai ci miki naira 400. 'Yan'uwa da ke Kumasi ko Accra su ma Paystack na aiki a Ghana, har da biya ta asusun kuɗi na waya, wato mobile money. Abin da za ki biya a madadin wannan daɗin shi ne kulawa: sarƙa ce mai gaɓa uku, kowace gaɓa ana sabunta ta lokaci-lokaci, wata rana sabuntawar ɗaya ta ɓata wa ɗaya. In ba ki da wanda zai ɗaga waya ranar da abin ya tsaya, kada ki bi wannan hanyar.

Akwai tsaka-tsaki da nake yawan shirya wa masu farawa. A yi amfani da manhajar waje don kalanda kawai, a buɗe shafin biya na Paystack wanda ba ya buƙatar rubuta komai, a sa mahaɗarsa cikin saƙon tabbatarwa tare da sharaɗin cewa in ba a biya cikin sa'a kaza ba za a saki lokacin. Dole wani ya riƙa duba alat yana daidaitawa da hannu, amma ga shagon da ke karɓar mutum goma a rana wannan aikin minti kaɗan ne.

Ki kuma yi lissafin dala da idon basira. Kusan duk waɗannan kuɗin wata ko na shekara da dala ake biyansu. Wadda ta ɗauki manhaja a farkon 2023 ta ga yadda kuɗin ya ninka a naira bayan an saki farashin canji a watan Yuni na shekarar, alhali ko sisi kamfanin bai ƙara ba. An kuma yi tsawon lokaci bankuna da dama sun rufe biyan waje da katin naira. Saboda haka ki fara da biyan wata-wata, ko da na shekara ya fi araha a takarda, har sai kin ga abin ya zauna. Ki duba kuma ko da yawan ma'aikata ake cajin, domin farashin da ke gaban shafi sau da yawa na mutum ɗaya ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa a ci gaba da amfani da manhaja ko a watsar. Tana barin ki rufe lokacin sallar Juma'a kowane mako, ki sauya jadawali gaba ɗaya da azumi ba tare da goge na da ba? Gidan motsa jiki mai sa'o'in mata daban da na maza zai iya nuna haka a fili? Tana barin tazara tsakanin baƙuwa da baƙuwa, domin bayan dilka sai an wanke ɗaki an sauya zannuwa? Agogonta a kan lokacin Legas yake, wanda ya yi daidai da na Yamai da Njamena amma yana gaba da na Accra da sa'a ɗaya? Sai tunatarwa: yawancinsu imel suke turawa kyauta, mutanenmu kuwa ba imel suke dubawa ba. Ki tambayi kuɗin saƙon tes ko na WhatsApp tun kafin ki sa hannu.

Wani abu da nake so ki ɗauka da nauyi shi ne sirrin mutane. Fom ɗin wurin tausa ko gyaran jiki kan tambayi juna biyu, hawan jini, ciwon fata, sabuwar haihuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ko babu doka ma, amana ce. Ki tambayi abin da aikin ke buƙata kawai, ki ba kowace ma'aikaciya nata mabuɗin shiga maimakon kowa ya riƙe naki, ki kuma tabbata kina iya sauke jerin abokan cinikinki a fayil duk ranar da kika so barin kamfanin.

WhatsApp kuwa ba za ki rabu da shi ba, kuma bai kamata ba. Uwar amarya so take ta ji murya, ta nemi ragi, ta yi bayanin fatar 'yarta. Ki bar maɓallinsa a gefen na kama lokaci. Sharaɗin ɗaya ne, shi ne wanda muka kafa a gidan Hajiyar nan bayan abin da ya faru: duk wadda ta amsa waya ko saƙo, ba za ta ce "an ajiye miki" ba sai ta buɗe manhajar ta shigar da sunan a take. Mun ɗauke littafin daga kan tebur, muka ajiye tsohuwar waya a gurbinsa, a jone da caja, kalandar na buɗe tun safe har a tashi. Makon farko 'yan aikin sun yi ta ƙorafi, ɗayarsu ma ta riƙa rubutawa a tafin hannu kafin ta shigar. Da lokacin bukukuwan bayan sallah ya zo, amare shida suka bi ta ɗakin nan ɗaya cikin mako biyu, kowacce ta tarar da shi a share, kasko na jiranta.