Hattara da masu sayar wa baƙi tikitin jirgin ƙasa na bogi a Rigasa

Jama'ar Kaduna, musamman masu saukar baƙi daga Nijar, Ghana, Sudan ko ƙasashen Turai, da masu otal da direbobin da ke kai mutane tasha, ga wata damfara da ya kamata kowa ya san yadda take. Tun da aka buɗe layin dogon Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, wannan jirgin ne zaɓin farko na baƙon da ke tsoron bin hanyar mota. Tafiya ce ta kilomita 186 tsakanin tashar Rigasa a Kaduna da ta Idu a Abuja, kujerun ba su isar masu nema, musamman ranakun Juma'a da Lahadi da lokutan Sallah. A wannan ƙarancin ne 'yan cuwa-cuwa suke cin kasuwarsu, kuma baƙo ne suka fi so, don bai san farashi ba, bai san fuskar ma'aikaci ba, sannan yana sauri kada jirginsa na sama ya tashi ya bar shi.

Galibi tun kafin baƙon ya taka tasha ake kama shi. Za ka ga shafi a Facebook ko lambar WhatsApp ɗauke da tambarin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, mai shi yana kiran kansa wakili. Abin da zai fara faɗa wa baƙo shi ne, ai sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ake yankar tikiti, kai kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, amma ni ina da hanya. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa take shiga. Bayan harin 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya, da ya dawo aiki a ranar 5 ga Disamba na shekarar aka ɗaura sayen tikiti a kan shaidar mutum. Sai dai baƙo yana da tasa shaidar, wato fasfonsa, kuma a gaban ma'aikacin hukuma ake nuna shi, ba a tura wa wani a waya.

Daga nan zai nemi hoton shafin fasfo mai ɗauke da suna da lamba, ya turo lambar asusun banki. Ku dubi sunan da ke kan asusun da kyau: sunan mutum ne, ba na hukuma ba. Da kuɗi sun shiga sai ya turo hoton tikiti. A ido ba shi da aibu, ga suna, ga lambar tarago, ga lambar kujera, ga kwanan wata. Matsalar tana cikin ɗan murabba'in nan mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa a ƙofar shiga. Tsohon tikiti ne aka ɗauka, aka goge suna da rana aka rubuta sabbi, ɗigon kuwa na tsohon ne. Na'urar ba ruwanta da sunan da aka rubuta a sama, ɗigon take karantawa, sai ta ce an riga an yi amfani da shi. A lokacin ka kira lambar, a kashe take.

Akwai wanda ya fi wannan wayo. Tikitin na gaske ne, an saye shi tun da wuri da shaidar wani, sai a tura hotonsa ga mutum uku ko huɗu, kowa ya biya ninki. Wanda ya riga isa ƙofa, idan ya tsallake, shi ya ci, sauran sun yi asara. Shi ma ɗin idan aka haɗa sunan tikiti da fasfonsa aka ga ba su dace ba, komawa zai yi. Kuma baƙo ne zai tsaya yana bayani a gaban jami'an tsaro da takardar da ba tasa ba, abin da ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga wanda ke ƙasar da ba tasa ba.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne abin da ke biyo baya. Mutum ya fito daga ƙofa da akwati, ransa a ɓace, jirgi na shirin tashi, sai wani ya matso ya karɓi jakar yana cewa, Alhaji kada ka damu, ga mota nan saura mutum ɗaya mu tashi Abuja. Don Allah kada baƙonku ya shiga. Mota ce da ba a tashar mota aka yi lodinta ba, ba a rubuta sunan kowa ba, babu 'yan ƙungiyar direbobi da suka san direban. In ma dole sai an bi hanya, a mayar da shi gari a sa shi a mota a tasha sananniya, da rana, a ɗauki lambar motar a gabansa.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Tun Janairun 2021 ake sayar da tikitin wannan layin ta intanet, amma adireshin shafin a karɓe shi daga allon sanarwa ko bakin ma'aikaci a cikin tashar, kada a danna wanda aka turo a saƙo, don ana ƙera shafuka masu kama da na gaske da bambancin harafi ɗaya. Katin bankin waje sau da yawa ba ya wucewa a shafukan biyan kuɗi na nan, saboda haka mai masauki ya biya da nasa katin, amma tikitin ya fito da sunan mai tafiyar kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Mafi sauƙi ma, a ɗauki baƙon da fasfonsa a kai shi wurin yankan tikiti na cikin tasha, a tambayi yadda ake yi wa wanda ba shi da NIN. A tabbatar da lokacin tashi a ranar, domin jadawalin yana canzawa. A isa da awa guda kafin lokaci, saboda binciken kaya da layi, ga cunkoson hanyar Rigasa da safe. Idan an ce kujeru sun ƙare, to sun ƙare, a nemi na jirgi na gaba. Duk wanda ya ce yana da tikiti a aljihu bayan an rufe sayarwa, ko da yana sanye da riga mai tambari, a ƙyale shi.

A kuma faɗa wa baƙon inda zai sauka. Jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin Idu, kuma a Idu ne ake haɗuwa da jirgin cikin birnin Abuja da ke zuwa filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe. Can ma akwai masu tarbar mutum da mota, don haka a shirya masa wanda zai ɗauke shi tun daga nan, a ba shi suna da lambar mota. Kuɗin keke ko tasi zuwa Rigasa kuwa a daidaita kafin a shiga, kuma a riƙe ƙananan kuɗi a hannu.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasidin tura kuɗin, da lambar asusun, da hoton hirar da aka yi, ya kira bankin da aka tura kuɗin daga gare shi a ranar, tun kafin a kwashe. Sannan ya kai rahoto ga 'yan sandan da ke tashar ko ofishin EFCC na Kaduna. Idan an riga an tura hoton fasfo, baƙon ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa a Abuja, domin ana iya amfani da wannan shafin a yaudari wasu da sunansa.