Gargaɗi ga masu ɗinki na Yamai: hattara da mai sayar da "sirrin bargello" a WhatsApp

Assalamu alaikum ƴan uwa teloli da masu koyon ɗinki, mata da maza. Akwai wata mata, ko wani da ke fakewa da sunan mace, da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp tana tallar koyar da bargello, wato bargon gadon nan da ake haɗawa da yankakkun yadi kala-kala har ya fito da zanen igiyar ruwa. Don Allah kar wanda ya tura mata ko dala. Mata uku da na sani ido da ido ta cuta, biyu a unguwar Bukoki, ɗaya a unguwar Talaje, kuma ta Talajen yarinyar shagona ce, kuɗin adashenta ne ta kwashe ta ba ta. Kama suna ba shi da amfani, don yau Hajiya ce, gobe Madam, lambar ma canzawa take yi. Salon cutar ne ba ya canzawa.

Da hotuna take farawa, barguna masu ɗaukar ido, ta ce aikin ɗalibanta ne. Ta san lokacin da take fitowa: sanyi ya ƙarato, ga bukukuwa, kowace uwa na neman abin da za ta shimfiɗa a gadon amarya wanda ba a gani ba a ɗakin kowa. Shiga zauren jika biyar. In ka shiga sai ta turo takardar awo, ta ce wannan na gadon jariri ne, "sirrin" mayar da shi na babban gado sai an ƙara jika goma. Bayan nan sai zancen kayan aiki, wuƙar yanka mai taya da rula da tabarmar yanka, wai suna hanya daga Lome, a ba da kafin alƙalami. In kuɗi sun taru sai ta rufe zauren ta toshe lambobin mutane.

Takardar da ta tura wa yarinyata na riƙe ta da hannuna. Hoton shafin wani littafin Turanci ne da aka ɗauka a karkace, an yanke saman da sunan mai shi yake. An rubuta 2½ a gaban kowane yanki. Yarinyar ta tambaya cikin ladabi: "Hajiya, wannan santimita ne?" Ta amsa da saƙon murya: "E mana ƴata, yanka kawai." Alhali inci ne, awon Amurka, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Inda ya kamata ta yanka faɗin da ya haura santimita 6, sai ta yanka 2.5. Ta shigo shago da leda cike da siraran tsummoki, atamfa mai kyau har kala shida da ta sayo a Babbar Kasuwa, ta zazzage a kan tebur tana hawaye, ta ce: "Inna, ki duba mini ko za su haɗu." Da aka cire abin da ɗinki zai ci, santimita ɗaya ya rage a kowane yanki. Wallahi asarar yadin nan ta fi ƙona mini rai a kan kuɗin, don kuɗin an sace ne, yadin kuwa an sa ta ta lalata shi da almakashinta.

Abin da ya ba wannan mata ƙofa shi ne mutane na zaton akwai wani asiri a bargello. Babu. Sunan ya samo asali ne daga gidan tarihi na Bargello da ke birnin Filorans a Italiya, inda ake ajiye da wasu kujeru na ƙarni na 17 masu ado da ɗinkin allura mai siffar harshen wuta. Daga baya masu haɗa barguna suka kwaikwayi zanen da yadi. Aikin kuma ga shi: a yanka dogayen yankuna masu faɗi ɗaya, a jera su daga kala mai haske zuwa mai duhu, a ɗinke su gefe da gefe. Sai a haɗa na farko da na ƙarshe, ya zama kamar buhu marar gindi. A yanka shi a gicciye, wani yanki siriri, wani mai faɗi, kowanne ya fito zobe. Kowane zobe a farke shi a wurin da ya gota na baya da kala ɗaya, a miƙe shi, a jera a ɗinke. Gocewar nan ita ke hawa da sauka. Inda yankuna suka yi siriri zanen ya miƙe tsaye, inda suka yi faɗi ya kwanta.

Duk wanda ya gane wannan zai kama hoton ƙarya da kansa. Babu yanki ko ɗaya mai lanƙwasa a bargello, duka masu kusurwa huɗu ne, ido ne ke ganin lanƙwasa daga nesa. Ku buɗe hoton da yatsu biyu ku duba. Na gaskiya za ku ga ƴan matakala da layin ɗinki. Cikin hotunanta akwai waɗanda kalolin suka narke cikin juna sumul ba ɗinki ko ɗaya, irin da kwamfuta ke ƙirƙira. Sauran na sata ne: a ɗaya akwai murhun ɗumama ɗaki, ta taga kuma ƙanƙara ce fari fat, wai a unguwar Yantala ta nan Yamai aka ɗauka. Wanda ke da Google Lens a wayarsa ya saka hoton, zai ga inda aka kwaso shi.

Sai "sirrin" jika goman. Ɗaya daga cikin matan Bukoki ta biya, amsar da ta samu layi ɗaya ce: a ninka kowane awo biyu. Wannan kaɗai ya nuna ba ta taɓa zama kan keke ta haɗa bargello ba. Bakin da ɗinki ke ci ba ya ninkuwa. A awon Amurka kwatan inci ne kowane gefe, masu aiki da santimita da yawa suna barin 0.75, wato kowane yanki na rasa 1.5 in an ɗinke gefensa biyu. Yankin da aka yanka 6.5 zai fito 5. In ana son ya fito 10, to 11.5 za a yanka, ba 13 ba. A siraran yankuna abin ya fi muni: wanda aka yanka 2.5 yana fitowa 1, in aka ninka shi zuwa 5 sai ya fito 3.5, ya kumbura sau uku da rabi, zanen ya baje. Ƙa'idar ita ce a cire bakin ɗinki, a ninka, sannan a mayar da shi.

Galibi ma ba a buƙatar taɓa faɗin yankunan. Kala 20, kowace ta fito 5, sun ba da tsawon santimita 100. A maimaita jerin sau biyu, ga 200, ya rufe tsawon katifa mai 140 da 190. Faɗi kuwa, a tara awon yankunan gicciye bayan ɗinki, in bai kai ba a maimaita zanen ko a juya shi ya fuskanci ɗan uwansa, ko a kewaye bargon da baki mai faɗi. A tuna dai faɗin atamfa bai wuce mita ɗaya da ƴan kai ba, don haka babban gado sai an ɗinka buhun nan fiye da ɗaya. A lissafa yadi tun kafin a je kasuwa, kuma a fara gwaji da ragowar ƙyallayen shago, a yi rigar matashin kai tukuna.

Ban ce duk mai karɓar kuɗin koyarwa macuci ne ba, ilimi a biya shi halal ne. Amma mai gaskiya yana da shago da za a je a same shi. Ku ce wa mai koyarwar ta juya bargon ta nuna bayansa a kiran bidiyo, ku tambaye ta nawa take barin bakin ɗinki, ku ce a hannu za ku biya. Wannan matar da an ce za a zo sai ta ce ta yi tafiya Tawa, ƴan Tawa kuma ta ce musu tana Yamai. Takardar awo ta ƙwarai tana ɗauke da sunan mai ita, girman bargon bayan an gama, yawan yadin kowace kala da jadawalin yanka. A YouTube kuma akwai darussa kyauta da Faransanci da Turanci, a rubuta bargello kawai, hannun mai ɗinkin ma ya isa a koya ko ba a jin harshen.

Wadda abin ya riga ya shafa kar ta yi shiru don kunyar maigida ko ƙawaye, shirun ne ke ba matar nan damar shiga wani zauren. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019. Kar a goge komai: a ɗauki hoton hirar, a adana saƙonnin murya, da lambar da aka tura wa kuɗi, da takardar shaidar turawa mai ɗauke da sunan wanda ya karɓa. Matan nan uku sun haɗa nasu za su kai ofishin ƴan sanda masu binciken laifuka, wato PJ, kuma duk wadda aka yi wa irin haka ta haɗa nata ta kai, don ƙara ta fi ƙarfi in masu ita suna da yawa. Masu kula da zaurukan teloli kuma, in tallar ta shigo a cire ta nan take a sanar da mambobi.